Alvan Ikoku: Malamin Da Ya Nema Wa Kowane Yaro Shekara Shida A Makaranta

A cikin Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka akwai wani babban gidan kwanan ɗalibai maza da ake kira Alvan Ikoku, yana maƙwabtaka da wani mai sunan Eni Njoku. Al'adar wannan jami'a ce ta sa wa gidajen kwananta sunayen manyan ƙasa ba tare da duba jiha ko jam'iyya ba. Saboda haka wanda ya zaga cikinta zai tarar da gidan Balewa da na Bello, da na Awolowo da na Akintola, har da na Isa Kaita, Wazirin Katsina, wanda ya riƙe ma'aikatar ilmi ta tsohuwar Jihar Arewa. Yawancin waɗannan mutane mulki ne ya kai sunansu jikin bango. Shi kuwa Alvan Ikoku bai taɓa shugabantar wata gwamnati ba. Malamin makaranta ne, a siyasa kuma abokin hamayyar Dakta Nnamdi Azikiwe ne, watau mutumin da ya kafa ita jami'ar.

Ko mai karatu bai taɓa zuwa Nsukka ba, ya san fuskar wannan mutum. Shi ne dattijon nan da ke jikin takardar naira goma, wadda a bayanta aka zana matan Fulani ɗauke da ƙoren nono. Tun watan Yuli na 1979 hotonsa yake jikin kuɗin, lokacin da aka fito da shi tare da Herbert Macaulay a naira ɗaya da Sir Abubakar Tafawa Balewa a naira biyar. An daɗe ana miƙa shi ana karɓar canji a kasuwannin Arewa, amma kaɗan ne za su iya faɗin abin da ya yi har ya kai wannan matsayi.

An haifi Alvan Azinna Ikoku ran 1 ga Agusta, 1900, a Amanagwu cikin garin Arochukwu, wanda yanzu ke Jihar Abiya. Arochukwu ba ƙaramin gari ba ne a tarihin ƙasar Ibo. Mutanensa, watau Aro, fatake ne na gaske, sun kakkafa zango a ko'ina cikin ƙasar Ibo da ta Ibibiyo suna cinikin manja da tufafi da bindigogi da bayi. Ƙarfinsu ya dogara ne a kan wani wurin tsafi mai suna Ibini Ukpabi, inda ake kawo ƙararraki daga garuruwa masu nisa. Sau da yawa wanda shari'a ta kayar sai a ce dodo ya cinye shi, alhali kuwa an zagaya da shi ta wata hanya an sayar. Yaron yana da shekara ɗaya da 'yan watanni, a ƙarshen 1901, sojan Ingila suka auka wa garin suka fasa wurin tsafin. Yaƙin ya ƙare a 1902, shekara guda kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato.

Bayan soja sai 'yan mishan na ƙasar Sikotlan suka biyo baya, cikinsu har da Mary Slessor, matar nan da ta yi suna wajen ceton tagwayen da ake zubarwa a daji. (Ita ma akwai gidan kwana da sunanta a Nsukka.) Bafatake dai ba ya jayayya da kasuwa: in hanya ta mutu, sai ya nemi wata. Mutanen Aro ba su daɗe ba suka gane cewa sabuwar haja ita ce karatun boko. Alvan ya shiga makarantar gwamnati ta Arochukwu a 1911, yana ɗan shekara goma sha ɗaya, ya gama a 1914. A 1915 ya wuce Kalaba, makarantar Hope Waddell, wadda 'yan mishan ɗin Sikotlan suka buɗe a 1895.

Hope Waddell ba ta karatun littafi kaɗai ba ce. Ana koyar da kafinta da ɗinki da aikin ɗab'i da sauran sana'o'in hannu, ana kuma horar da malamai. Ta yaye manyan mutanen Gabas da yawa, irin su Dakta Akanu Ibiam da Eni Njoku, shi kansa Azikiwe ma ya ɗan zauna a cikinta. Ikoku ya fita daga can a 1920, mishan ta tura shi koyarwa a Itigidi, wani gari a bakin kogin Kuros. Bayan shekara biyu ya koma Awka, ya zama babban malami a kwalejin horar da malamai ta St. Paul.

A Awka ne ya yi abin da ya fara fito da sunansa. A zamanin nan babu jami'a ko ɗaya a Nijeriya. Babbar kwalejin Yaba ba ta soma ba sai 1932, ta Badun kuwa sai 1948. Wanda ke son digiri, ko dai ubansa mai kuɗi ne ya sa shi a jirgin ruwa zuwa Ingila ko Saliyo, ko kuwa ya zauna gida ya yi karatu ta gidan waya, ya rubuta jarrabawar Jami'ar Landan a matsayin ɗalibin waje. Wannan hanya ta biyu tana da wuyar gaske, don ba malami a gabanka, ba ɗakin littattafai, takarda kuma kan yi makonni a teku kafin ta iso. Ikoku ya bi ta, yana koyarwa da rana yana karatu da dare, har ya sami digiri a fannin falsafa a 1928. Masu digiri 'yan ƙasa a duk Gabas a wannan lokaci ana iya ƙirga su da yatsu.

Da irin wannan takarda a hannu, ƙofar aikin gwamnati a buɗe take, da albashi mai kauri da fansho a ƙarshe. Bai bi ta nan ba. Ya tattara ya koma garinsu, a 1932 ya buɗe makarantar sakandare ta kansa, ya sa mata suna Aggrey Memorial, watau don tunawa da Aggrey.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan wannan suna, don shi ne mabuɗin tunanin Ikoku. Dakta James Kwegyir Aggrey mutumin Gana ne, tun ana kiranta Gold Coast, an haife shi a Anomabu a 1875. Ya yi karatu ya kuma koyar a Amurka shekaru masu yawa, sa'an nan ya zo Afirka ta Yamma a 1920 cikin wata tawaga da asusun Phelps-Stokes ya turo don duba halin makarantu. Shi kaɗai ne ɗan Afirka a cikinta, kuma duk inda ya yi lacca samari kan fita da sabon buri. Daga baya ya zama mataimakin shugaban kwalejin Achimota, ya rasu a Amurka a 1927. Abubuwan da ya dage a kansu su ne a ilmantar da kai da hannu da zuciya gaba ɗaya, a sa 'ya'ya mata a makaranta kamar maza, baƙi da farare kuma su yi aiki tare maimakon gaba. Duk ukun nan an gan su a rayuwar Ikoku. Na ukun ma shi ya jawo masa baƙin jini a siyasa daga baya.

Lokacin da aka buɗe makarantar, sakandaren da ke Gabas kusan duk na mishan ne ko na gwamnati: Hope Waddell a Kalaba, ta Metodis a Uzuakoli, ta Anglika a Anaca, ta gwamnati a Umuahia. A ce ɗan ƙasa shi kaɗai ya tashi ya kafa sakandare, ba coci a bayansa, ba baitulmali, a tsakiyar karayar tattalin arzikin duniya lokacin da kuɗin manja da kwara ya faɗi warwas, to, ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Daɗin daɗawa kuma ya haɗa maza da mata a aji guda, abin da ba a saba gani ba a sakandaren Afirka ta Yamma a lokacin. Ya sa kafinta cikin darussa, ɗalibai suna sassaƙa tebura da kujerun da za su zauna a kai. Wani zai ce dabara ce ta mai ƙaramin jari. Gaskiya ne, amma kuma aƙida ce: yaron da ya iya Latin bai iya riƙe zarto ba, a ganinsa rabin ilmi aka ba shi.

Riƙon makaranta ya nuna masa abin da ba a gani daga ofis. Ya ga yara masu ƙwaƙwalwa ana korarsu saboda uba ya kasa kawo 'yan sulalla. Ya ga kuma halin da malamai ke ciki. Yawancin malaman ƙasar nan a lokacin na mishan ne, albashinsu bai kama ƙafar na malaman gwamnati ba, ga shi ana iya sallamar mutum a ko yaushe in ya saɓa wa fada ko fasto. Wannan ne ya sa aka kafa Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Nijeriya, NUT, a Ikko cikin Yuli 1931, da Rabaran I. O. Ransome-Kuti na Abekuta a matsayin shugabanta na farko. Ikoku ya zama ɗaya daga cikin jiga-jiganta, tare da E. E. Esua, mutumin Kalaba, wanda ya daɗe yana sakatarenta.

Da tsarin mulkin Gwamna Richards ya zo a 1946, aka kafa majalisun jihohi, Ikoku ya shiga Majalisar Jihar Gabas. A 1947 aka tura shi Majalisar Dokoki ta ƙasa cikin wakilan Gabas. Wannan ce majalisa ta farko da 'yan Arewa da 'yan Kudu suka zauna zaure guda, takan kuma zaga, har ta yi zama a Kaduna a 1948. A cikinta akwai Azikiwe yana wakiltar Ikko, akwai kuma wani malamin makaranta daga Bauci, Malam Abubakar Tafawa Balewa. Ashe malaman nan biyu za su sake haɗuwa bayan shekara talatin da biyu a aljihun talakawa, ɗaya a naira biyar, ɗaya a naira goma.

A majalisa Ikoku ya zama bakin malamai. Lokacin ne ake ta aikin dokar ilmi ta 1948, dokar farko da ta haɗa ƙasar gaba ɗaya, tare da sabon tsarin ba makarantun mishan da na masu zaman kansu gudummawar gwamnati. Ya tsaya sai da majalisa ta karɓi gyare-gyare masu yawa da NUT ta kawo. Irin wannan aiki ba ya jawo tafi. Sai mutum ya kwana yana karanta sashe da ƙaramin sashe, ya je kwamiti ya yi ta ja-in-ja da Daraktan Ilmi a kan kalma guda. Amma a nan ne ake yanke ko malamin ƙauye zai sami ƙarin albashi, ko kuwa za a rufe makarantarsa.

Siyasar zamanin ba ta masu irin wannan hali ba ce. Jama'ar Gabas sun bi Zik da jam'iyyar NCNC, masu cewa Bature ya tattara ya tafi yanzu-yanzu. Ikoku yana son 'yanci, amma yana ganin a bi a hankali, a shirya ma'aikata tukuna. Jaridun Zik ba su raga wa masu wannan ra'ayi ba, ana yi musu kallon 'yan koren Turawa. Ya kafa tasa ƙaramar jam'iyya, UNP. Da rikici ya ɓarke cikin NCNC a 1953, aka kori Farfesa Eyo Ita da ministocin da suka ƙi sauka, su ma suka kafa tasu, daga baya aka haɗa biyun suka zama UNIP. Jam'iyyar ta tara masu ilmi da dattako, amma ƙuri'a ba ta san digiri ba. Ba ta taɓa kusantar kafa gwamnati ba.

Abin da ya fi kowane ciwo ya zo a zaɓen Majalisar Gabas na 1957. Wanda ya fito ya kara da shi a mazaɓarsa ba kowa ba ne illa ɗansa na cikinsa, Samuel Ikoku, wanda aka fi sani da S. G. Ikoku. Ɗan ya yi karatun tattalin arziki a Ingila, ya dawo da ra'ayin gurguzu mai zafi, ya tsaya a jam'iyyar Action Group ta Cif Awolowo. Da aka ƙirga ƙuri'a, ɗa ya ka da uba, ya kuma zama shugaban 'yan hamayya a majalisar. Har yau in ana lissafa abubuwan mamaki na siyasar ƙasar nan sai an ambaci wannan. A al'adar Ibo, kamar ta Hausa, ɗa ba ya tsayawa gaban jama'a ya ƙaryata ubansa. Amma in an duba da kyau, ai uban ne ya jawo: shi ya ba yaron ilmin da ya koya masa tsayawa a kan ra'ayinsa. Mutanen Kano da Kaduna sun san wannan ɗa sarai, don shi ne ya zama sakataren jam'iyyar PRP, shi ne kuma ya tsaya wa Malam Aminu Kano mataimaki a zaɓen shugaban ƙasa na 1979, 'yan makonni bayan fitowar hoton ubansa a jikin kuɗi.

Faɗuwar zaɓe ta raba Ikoku da kujera, ba ta raba shi da aikinsa ba. Tun 1955, shekarar da Ransome-Kuti ya rasu, shi ne shugaban NUT na ƙasa. Daga wannan kujera ya shiga babbar gwagwarmayarsa, wadda sai an fahimci halin da makarantu ke ciki a lokacin za a gane nauyinta.

Tsarin mulkin 1954 ya mayar da ilmin firamare da na sakandare hannun jihohi, kowace ta yi yadda ta ga dama. Jihar Yamma ta fara karatun firamare kyauta a Janairu 1955, a ƙarƙashin Awolowo da ministansa na ilmi S. O. Awokoya, bayan shiri na shekaru. Yaran makaranta suka tashi daga wajen 457,000 zuwa fiye da 800,000 cikin shekara guda. Jihar Gabas ta ga ba za a bar ta a baya ba, ta fara nata a 1957 cikin gaggawa, ba isassun malamai, ba isasshen kuɗi, ga kuma rigima da cocin Katolika a kan wa zai mallaki sababbin makarantu. Ilmi ya cinye fiye da sulusin kasafin jihar. Shekara guda kacal aka yi, a farkon 1958 gwamnati ta mayar da kuɗin makaranta, ta bar ajujuwan farko kaɗai kyauta. Mata suka fito zanga-zanga a garuruwa da yawa, har sai da aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu wurare. A Arewa kuwa, lokacin da aka sami 'yanci a 1960, yaran firamaren boko ba su kai 300,000 ba, ban da na makarantun allo waɗanda ba a sa su cikin lissafin ba, alhali Gabas da Yamma kowace ta haura miliyan ɗaya. Tsawon karatun ma ba ɗaya ba ne: shekara shida a Yamma, bakwai a Arewa, takwas a Ikko.

Ma'anar wannan ita ce, rabon yaro a ilmi ya dogara ne a kan garin da aka haife shi da jam'iyyar da ke mulkin jiharsu. Ikoku da ƙungiyarsa suka yi ta neman a yi tsari guda ga ƙasa duka, da ma'auni guda na horar da malamai da biyansu. Gwamnatin Turawa ta ƙi, su ma shugabannin jihohi ba su yi ɗoki ba, don makaranta babbar hanyar neman ƙuri'a ce, ba mai son ya sake ta. Akwai kuma tsoro na gaskiya a Arewa, cewa tsari guda a tsakanin wanda ya yi nisa da wanda bai ko ɗaura ɗamara ba zai ƙara danne na bayan ne. Har ƙungiyar malamai ma ba ɗaya ba ce. Arewa tana da tata tun wadda Malam Aminu Kano ya kafa a 1948, ba a kuma haɗe da NUT ba sai 1972.

A 1962 Ikoku ya fito da kiran da ya fi kowane aikinsa daɗewa. Ya nemi a yi wata doka ta haƙƙin ilmi, wadda za ta tabbatar wa kowane yaro a Nijeriya karatun firamare na shekara shida kyauta, ko a ina yake. Ba shi ya fara maganar ilmi kyauta ba. Awolowo ya riga ya aikata a jiharsa, ministocin ilmi na Afirka kuma sun taru a Adis Ababa a 1961 sun sa wa kansu wa'adin 1980 don kowane yaro ya shiga firamare. Sabon abu a maganar Ikoku shi ne kalmar haƙƙi. Abin da gwamnati ta bayar kyauta tana iya janyewa in aljihu ya yi sanyi, kamar yadda ya gani da idonsa a 1958. Haƙƙi kuwa bashi ne, mai shi yana iya bi. Yana so yaron Arochukwu da na Argungu su zama masu bin ƙasa bashi iri ɗaya, ba masu jiran alherin jam'iyya ba.

A wannan shekara kuma gwamnatin Gabas ta Dakta Michael Okpara, watau gwamnatin NCNC da ya daɗe yana hamayya da ita, ta ɗora shi a kan kwamitin sake duba tsarin ilmin jihar. Kwamitin ya ba da shawarar a haɗe ƙananan makarantun da coci-coci suka yi ta kafawa don gasa, gari guda makaranta uku kowace rabin aji, a rage firamare zuwa shekara shida, gwamnati ta karɓi ragamar makarantun firamare, a kuma sa ƙananan hukumomi cikin aikin. Mutumin da mishan ta rena, shi kansa kuma mai makaranta, yana cewa hukuma ta karɓa. Ba kowane mai makaranta ne zai iya faɗin haka ba.

Ya yi wa hukumomi da dama aiki a shekarunsa na ƙarshe. Ya zauna a Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma da majalisar gudanar da Jami'ar Badun, wadda ta ba shi digirin girmamawa na Dakta a 1965, ya kuma shugabanci hukumar makarantar koyon aikin jirgin sama. Sa'an nan yaƙin basasa ya zo a 1967. Nsukka na cikin garuruwan farko da suka faɗa hannun sojan tarayya, jami'ar ta watse, makarantun yankin da yawa suka koma barikin soja ko sansanin 'yan gudun hijira. Yara sun yi kusan shekara uku ba karatun kirki. Da aka gama a 1970, gwamnatin Jihar Gabas ta Tsakiya a ƙarƙashin Ukpabi Asika ta yi doka ta karɓe dukan makarantun firamare da na sakandare daga hannun mishan da masu zaman kansu. Arochukwu na cikin jihar. Shawarar da ya bayar a kan firamare ta zo ta wuce inda ya tsaya, ta haɗa har da irin tasa makarantar.

Alvan Ikoku ya rasu ran 18 ga Nuwamba, 1971, yana da shekara saba'in da ɗaya. Bai ga abin da ya nema ba.

Girmamawa ba ta yi jinkiri ba. A Owerri akwai babbar kwalejin horar da malamai da aka buɗe a 1963 da taimakon UNESCO, 'yar'uwar wadda aka buɗe a Zariya a 1962. A 1973 gwamnatin Asika ta sa mata sunansa. Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 2007. A 2015 aka sanar da mayar da ita jami'a tare da kwalejojin Zariya da Kano da Ondo, sabuwar gwamnati ta dakatar da maganar bayan 'yan watanni, sai a 2023 ta tabbata Jami'ar Ilmi ta Tarayya ta Alvan Ikoku. Watau ban da gidan kwanan Nsukka, yanzu akwai jami'a sukutum da sunansa.

Haƙƙin da ya nema kuwa tafiyarsa ba ta yi sauƙi haka ba. A Janairu 1974 Janar Yakubu Gowon ya sanar a Sakkwato cewa za a fara ilmin firamare kyauta a ƙasa duka, a Satumba 1976 Janar Olusegun Obasanjo ya buɗe shirin, wanda kowa ya sani da UPE. Shekara shida, kyauta, daga Badagiri har Baga, daidai yadda Ikoku ya faɗa shekara goma sha huɗu kafin nan. Masu tsari sun yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai wajen miliyan 3 suka bayyana. Aka yi ta karatu a gindin itatuwa, aka yi ta yaye malamai a gurguje, wasu ba su fi ɗalibansu da yawa ba. Kuɗin mai ne ya ɗauki nauyin, da farashinsa ya karye a farkon shekarun 1980 sai albashin malamai ya yi ta maƙalewa wata da watanni, jihohi da dama suka dawo da kuɗin makaranta da wasu sunaye. Abin da ya faru a Gabas a 1958 ya maimaita kansa, wannan karon a ƙasa baki ɗaya.

Tsarin mulkin 1979 ya ambaci ilmin firamare kyauta kuma dole, amma ya ajiye shi a babin manufofin gwamnati, wanda za a cika in hali ya yi, ba a babin haƙƙoƙin da ake kai ƙara a kansu ba. Na 1999 ma haka ya bar shi. Sai a dokar haƙƙin yara ta 2003 da dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 aka rubuta shi a matsayin haƙƙin kowane yaro, aka ma ƙara shekarun zuwa tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don wannan aiki, da sharaɗin kowace jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. An sha yin shekaru biliyoyin naira suna kwance a Abuja don jihohi ba su kawo nasu ba. A shekarun 2010 hukumar UNICEF ta riƙa ba da adadin yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu a jihohin Arewa, mata kuma sun fi maza yawa a cikinsu.